Wa Ya Kulle Ɗakin Malama Mai Zare?

Shugaban gidan tarihi, kai ka kulle ɗakin. Kada ka ɗora wa maigadi, shi kwaɗo kawai aka miƙa masa aka ce ya danna. Kai ka ba da umarni, kana zaune a ofishinka mai sanyi, kuma ba ka san abin da ka rufe a ciki ba. Ni ban yi boko ba, yumɓu na iya riƙewa ba biro ba. Surukata ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta sa wa maganata sukari. Amma kafin in dawo kanka, bari jama'a su fara sanin matar da ka yi wa haka.

Malama Mai Zare ba ta taɓa bari masu shara sun riga ta gama gaisawa da maigadi ba. Takan shigo da jakarta a kafaɗa, tabarau na lilo a ƙirjinta da igiya, ta bi ta babban zaure inda aka jera tsofaffin takubba da masaƙa a cikin gilashi, ta wuce har ƙarshen baranda. Can ɗakinta yake, bayan wurin ajiye tsintsiya. Taga ɗaya ce a sama, sai fanka mai kuka kamar jinjirin da aka yaye, sai dogon tebur, sai kwamfuta. Abu na farko, ta wanke hannu. Na biyu, ta tsaya gaban bangon ɗakin tana kallonsa kamar manomi a bakin gonarsa.

Bangon shi ya ba ta suna. Katako ne aka shimfiɗa daga kusurwa zuwa kusurwa, an kafa masa ƙananan ƙusoshi, kowace ƙusa da katinta. Daga kati zuwa kati kuma zare ne a miƙe. Ja na mutum ne. Shuɗi na wuri. Kore na abin da aka yi amfani da shi. Fari na lokaci. Baƙi kuwa, wanda ta fi so, na aikin da aka yi wa abu ne. Wanda ya shiga karon farko sai ya ɗauka gizo-gizo ne ya sami wadata. Ita kuwa takan ce duk abin da ke cikin kwamfutar nan a bangon ta fara tunaninsa, don idan zare ya ƙi kaiwa daga ƙusa zuwa ƙusa, to a na'ura ma ƙarya zai zama.

Ga aikin nata, yadda ta taɓa warware shi ga mata marasa karatu har suka gane. Mutanen gidan tarihi suna rubuta kayansu da irin tasu hanyar: wa ya yi, wa ya kawo, a wane zamani. A ƙetaren titi kuma akwai ɗakin gwaje-gwaje, masu binciken ƙasa da ruwa da ganye, su ma da tasu hanyar: lamba kaza, an sami sinadari kaza. Gida biyu, titi ɗaya ya raba su, amma takardar wannan ba ta gane takardar wancan. Ita ce ta zauna shekara da shekaru tana lallashin kowa, har suka yarda da tambayoyi iri ɗaya. Mene ne wannan? Wa ya yi shi? Da me? A ina? Yaushe? Me aka yi masa daga nan? Tsohon mayafi ne, saiwa ce, kwalbar ruwan rijiya ce, sai ya amsa waɗannan kafin ya sami ƙusa. Da yawa sun ɗauke ta mai son wahala. Ana ce mata ga ofis a sama, ta ce ita da bangonta.

Sai shekarar da yara suka fara kwanciya a wata unguwa. Ciwon ciki, kasala, wasu har da jijjiga. Likitoci suka ce gubar dalma ce. Masu gwaji suka bi gidajen suka kwashe ruwa da ƙasa da kayan girki, sai aka sami gubar a jikin tsingaron wata tukunya. Washegari duba-gari suka shigo kasuwa da sanduna. Ba su tambayi ta wa ce ba. Tukunya, tulu, randa, kasko, har asusun yara, duk abin da aka gina da yumɓu ya sha sanda. Layin magina ya koma juji. Aka hana mu gini, aka hana mu talla. Matar da ta shekara arba'in tana ba gari ruwan sanyi, ta wayi gari ana nuna ta da baki ana cewa ga masu kashe 'ya'yan mutane. Wasunmu ko gidan suna ba sa iya shiga.

Malama ta ji labarin a rediyon maigadi. Ta ajiye jaka, ba ta ko wanke hannu ba, ta tsaya gaban bango. Ta san a ɗakin ajiyar gidan tarihi akwai tukwanen wannan layin, an daɗe ana tara su, kowace da sunan maginiyarta da ramin da aka haƙo yumɓunta. Ta kuma san a ƙetaren titi akwai tsingaro mai guba, ba suna, ba rami, sai lamba da kalma ɗaya: kasuwa. Rabin magana a nan, rabin magana a can, a tsakani kuma mata suna zaune da yunwa da baƙin suna.

Ta aika aka kira mata mutum biyu. Ɗaya babban mai gwaji ne, wanda ake wa laƙabi da Fasau, don duk abin da ya shiga hannunsa sai ya daka shi kafin ya yarda da shi. Ɗaya kuma mai kula da kayan tarihi ne, dattijo mai farar safar hannu, ana ce masa Kar-a-taɓa. Kowannensu gwani ne a aikinsa, kuma sun shekara ba su sha shayi a tebur ɗaya ba.

Fasau ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. A ba ni tukwanen ajiya in fasa, gobe in ba ku amsa."

Kar-a-taɓa ya miƙe tsaye. "Ka fasa me? Ga kaina nan, fara da shi."

"Kanka ba zai nuna komai ba, Baba, na san babu dalma a ciki. Ban ma tabbata akwai wani abu ba."

"Malama, kin ji shi ko? Kin ji ɗan guduma?"

Ta ce, "Na ji ku duka. Ba mai fasa kan wani a ɗakina, shara za ku bar mini. Ku zauna ku dubi nan."

Ta ɗauki katin tsingaron Fasau ta kafa a hagu, ta ɗauki katin wata tsohuwar tukunyar ajiya ta kafa a dama. Ta bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya tana ɗaura zare. Na Kar-a-taɓa ya sami ja, ya sami shuɗi, ya sami fari. Na Fasau ya sami kore. Da ta zo kan baƙin zare, sai ta tsaya da shi a hannu, babu ƙusar da za ta ɗaura. Ta ce musu, "Kai ka san wadda ta gina, kai kuma ka san abin da ke jiki. Amma tsakanin rami da kasuwa, me aka yi wa tukunyar? Ba wanda ya rubuta a cikinku, don ba wanda ya tambaya. Su wa suka sani?"

Haka aka yi magina suka shiga gidan tarihi ta babbar ƙofa. Wallahi wasunmu sai da suka cire takalmi a bakin zaure, maigadi yana cewa a mayar. Mun zo da faɗa a bakinmu, mun ɗauka wani sabon wulaƙancin ne. Sai ga mace ta jera mana kujeru da hannunta, ta zuba mana ruwa, ta durƙusa ta gaida babbarmu, Iya Mai Randa, wadda idonta ya fara dushewa.

Ta ce, "Iya, so nake ki gina mini tukunya da baki. Daga ranar da kika je rami har ranar da mai saye ya ɗauka. Kada ki tsallake komai, ko da kina ganin ba shi da amfani."

Iya ta ce, "'Yar nan, gini za ki koya da tsufanki? Da wannan hannun naki mai laushi kamar na ungozoma?"

"In kin karɓe ni, Iya, gobe ina ƙofarki."

"Sai kin fara da tattaka yumɓu. A cire tabarau, a ɗaure zani."

Aka yi dariya, dariyar farko tun ranar sanduna. Sai Iya ta fara. Haƙa, jiƙawa, tattakawa, ɗora gindi, tayar da ciki, fitar da baki, shanyawa a inuwa, gogewa da dutse mai santsi, jerawa, gashi. Kowane mataki Malama ta yi masa kati, ta kafa, ta ja baƙin zare. Ta juya ga ta biyu, ta uku, haka har rana ta karkata. Ba ta gaji ba, ba ta ce ai ɗaya ne da na waccan ba. Ko tari mace ta yi sai ta jira ta gama.

Da aka zo kan wata mai ƙuruciya a cikinmu, ta kai wajen gogewa sai ta ce, "Sai in shafa garin ƙyalli a ciki."

Malama ta ɗago kai. "Wane gari ke nan, ƙanwata?"

"Wanda wani mai tura kura yake kawowa a leda. Toka-toka ne, da nauyi. A dama da ruwa a shafa, in an gasa sai cikin tukunya ya riƙa walƙiya. Masu saye sun fi so."

Ba ɓoyewa aka yi ba, kowa a layin ya san garin. Wasu suna shafawa, wasu sun ce kwalliyar banza ce. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa a nan matsalar take. Malama ba ta zaro ido ba, ba ta tafa hannu ba. Ta rubuta sabon kati, ta kafa, ta tambayi kowace mace a hankali ko tana shafawa, da kuma tun yaushe. Sannan ta ja da baya. Mu da ba mu iya karatu ba muka ga abin da idonmu: zaren ya rabu gida biyu a bango, kamar hanya ta yi rassa. Duk tsofaffin tukwanen ajiya suna ɓangare ɗaya, ba su taɓa ƙusar garin ba. Iya Mai Randa ta ce a kai hannunta ta taɓa. Aka kai. Ta bi zaren da yatsa daga sunanta har zuwa ramin da uwarta ta nuna mata tun tana yarinya, sai ta ce, "Ikon Allah. Ashe an san da mu."

Saura gwaji. A nan ma Malama ce ta shiga tsakani. Ta sa Kar-a-taɓa ya yarda a kankari gindin tukwanen ajiya daidai bakin allura, a gabansa, shi da kansa yana riƙe. An ce sai da ya juya fuska. Ta sa Fasau ya ajiye guduma ya ɗauki auduga. Aka gwada tsofaffin tukwane, aka gwada yumɓun ramuka, aka gwada garin leda. Tukwane lafiya, ramuka lafiya. Gubar tana cikin garin. Fasau da kansa ya tsallako titi da takardar a hannu, ya miƙa wa dattijon, ya ce, "Baba, tukwanenka sun wanke matan nan, kuma ko ɗaya ban fasa ba. A rubuta wannan a tarihi." Kar-a-taɓa ya cire safa ya ba shi hannu.

Waɗanda suka shafa garin sun yi kuka har muryarsu ta dishe, don su ma a irin tukwanen suka dafa wa 'ya'yansu. Wani ma'aikaci ya ce a ware sunayensu a kai wa hukuma. Malama ta ce, "Bangona yana faɗin abin da aka yi, don a daina. Ban da ƙusar zagi a nan." Da zarenta ma'aikatan asibiti suka bi gidajen da tukwanen suka shiga aka karɓo su, aka duba yaran. Aka hana garin, aka buɗe mana kasuwa.

Aka kuma kafa doka, wadda har yau tana nan. Duk maginiya sai ta kai tukunya ɗaya ɗakin Malama, ta faɗi yadda take gini, a ɗaura mata zarenta, a shigar a kwamfuta, Fasau ya gwada. Sannan a ba ta ɗan hatimi mai lamba, ta riƙa dannawa a gindin tukunya tun tana ɗanya. Duba-gari ya kifa tukunya, ya duba lambar a wayarsa, ya ga suna da rami da gwaji a wuri ɗaya, ya wuce. Wadda ba ta da hatimi, sanda.

Ke ce, Malama. Ke ce kika sa masu farar riga da masu farar safa suka ji yaren juna. Ke ce kika ɗauki maganar tsohuwa mai yumɓu a farce kika kafa ta a ƙusa ɗaya da maganar mai digiri, ba ki ɗaga ɗaya ba, ba ki sauke ɗaya ba. Mai zare, mai haƙurin saƙa. Na ga masu iko, na ga masu baki, amma ban taɓa ganin wanda ya kwance wa mutane ƙulli da tambaya kawai ba sai ke. Har yau in na tuna yadda zaren nan ya rabu a gabanmu, tsigar jikina sai ta tashi.

To, shekaru suka cika, ritaya ta zo. Aka yi taro a zaure, aka sha lemo, aka ba ta agogon bango. Shugaba ya yi dogon jawabi a kan ci gaban zamani, ya ambaci sunan na'ura ya fi sau nawa, sunanta sau ɗaya, shi ma sai da aka raɗa masa. Wannan bai dame ta ba, mu ne ya dama. Abu ɗaya ta roƙa a gaban kowa: a bar mai ɗaukar hoton kayan tarihi ta gaje ta, matar da ta daɗe tana koya wa aikin har ta iya ɗaurin zaren da ido a rufe. Ka gyaɗa kai, Shugaba, mun gani. Sati bai zagayo ba ka mayar da matar nan bakin ƙofa tana yagar tikiti. Ka ce kwamfuta ta riga ta ƙoshi, za ta riƙa yi da kanta. Ka ce ana bukatar ɗakin don ajiye kujerun taro. Kujeru!

Kwamfutar ce za ta zuba wa mace ruwa ta ce gina mini tukunya da baki? Ita za ta ji kalma ɗaya ta ɗago kai?

Ga abin da ya biyo baya. Akwai wata baiwar Allah a layinmu, matar marigayi mai facin taya. Mijin ya rasu ya bar ta da yara, ta zo wurin Iya Mai Randa ta koyi gini, hannunta kuma ya faɗa. Ba ta taɓa ganin garin ƙyalli da idonta ba. Ta ɗauki tukunyarta ta farko ta nannaɗe a zani ta tafi neman hatimi, ta tarar da ƙofa a rufe. Ta koma, a rufe. Ta tsallaka wurin Fasau, ya ce shi zai gwada da farin ciki, amma sakamakon ba shi da inda zai zauna sai an buɗe mata kati, kuma ba a ba shi ikon wannan ba. Yara ba sa cin jira. Ranar kasuwar da ta wuce ta jera kayanta a ƙarshen layi tana addu'a kada a lura. Aka lura. Duba-gari ya kifa tukunya, bai ga lamba ba. Shi kansa sai da ya ce mata, "Yi haƙuri, Yaya, doka ce," sannan ya ɗaga sanda. Ta tsuguna tana tsince tsingaro a zani kamar za su sake haɗuwa.

Da labari ya kai wa Malama, ba ta ce ai na yi ritaya ba. Ta sa takalminta ta zo. Ba ta da izinin shiga ɗakin da ta tsufa a ciki, sai ta zauna a bencin da ke ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, ta ciro katuna da ƙulle-ƙullen zare daga jaka. Ta zaunar da matar nan kusa da ita, ta ce, "Share hawayenki, ƙanwata. Fara mini daga rami." A kan cinyarta ta rubuta, mai yagar tikiti tana leƙowa ta taga tana tuna mata abin da ya rage. Da suka gama ta ɗaure katunan da baƙin zare ta ce, "Aikinki mai tsabta ne. Ranar da aka buɗe, ke ce ta farko." Tun daga nan kullum da safe tana bencin. Masu wucewa sun ɗauka saƙa take sayarwa.

Mun gode, Malama. Allah ya saka miki, ya ƙara miki lafiya da hasken ido, ya sa 'ya'yanki su sami mai yi musu abin da kika yi wa namu. Ku kuma masu karatu da ke zaune a ofisoshi, kowa da takardarsa da yarensa, ku je bencin nan ku ga yadda ake aiki. Ku tsallaka titi ku tambayi na ƙetare me ya sani. Ku tambayi wadda ta yi abin da hannunta, ku bar ta ta kai ƙarshen maganarta.

Saura kai, Shugaba. Matar marigayi ta sake tattaka yumɓu, ta sake gini, tukwanenta suna inuwa suna bushewa. In sun bushe ba hatimi, hatimi ba zai ƙara kama su ba, kuma kasuwa tana tafe. Ba mu son wasiƙa, ba mu son a ce kana taro. Ka sauko daga benen nan da ƙafarka, ka tsaya gaban bencin, ka dubi idon matar nan ka gaya mata: ta kai su kasuwa a fasa mata, ko ta fasa su da hannunta ta hutar da duba-gari? Zaɓa mata ɗaya, a gabanmu, da bakinka. Muna bakin ƙofa, kuma ba za mu koma tsaron tukwanenmu ba sai ka amsa.